Yadda ake ƙididdige darajar wuraren shaƙatawa idan son ran maziyarta ya sha bamban

Tafki, gandun daji, gaɓar teku ko kogin da ake zuwa kamun kifi don nishaɗi ba su da farashi a kasuwa, wasu ma ko kuɗin ƙofa ba a karɓa. Amma duk wanda ya je ya biya wani abu: ya ƙona mai, ya ɓata awanni a hanya, ya ajiye wani aikin. A 1947 Harold Hotelling ya rubuta wa hukumar kula da gandayen shaƙatawa ta Amurka wasiƙa, ya nuna mata cewa wannan ɗawainiyar tafiya za ta iya tsayawa a madadin farashi. A kan shawarar nan aka gina aikin da zan koya maka.

Inda gizo ke saƙar shi ne, kowa da kiwon da ya karɓe shi. A 1998 Kenneth Train ya yi nazarin tafiye-tafiye 962 da masu kamun kifi 258 suka yi zuwa wurare 59 a kogunan jihar Montana. Da ya duba ko filin kafa tanti yana jawo mutane, matsakaicin ya fito dab da sifili, kamar babu wanda ya damu. Alhali kusan rabinsu suna neman wurin da ke da filin, sauran kuma gudunsa suke yi. Ɓangarori biyu ne suka ja igiya, ta tsaya a tsakiya. Wanda ya karanta matsakaicin kaɗai zai ba hukuma gurguwar shawara.

Kalmomi biyu za su yi ta dawowa. "Nauyi" shi ne adadin da lissafi ke fitarwa don nuna yadda wata sifa ta wuri ke jan mutum ko take korarsa. "Gamsuwa" kuwa ita ce jimillar sifofin wurin bayan an ninka kowace da nauyinta.

Abubuwan da za ka tanada

- Bayanan tafiye-tafiye: wane ne ya je, ina ya je, daga ina ya taso, sau nawa. In son samu ne, kowane mutum ya kasance da tafiya fiye da ɗaya.
- Jerin wuraren da sifofinsu da aka auna: tsabtar ruwa, yawan kifi, girma, inuwa, makewayi, wurin ajiye mota, cunkoso.
- Nisa da lokacin tuƙi daga gidan kowane mutum zuwa kowane wuri, har waɗanda bai je ba.
- Bayanin mutanen: abin da suke samu a shekara, shekaru, ko suna da ƙananan yara, ko suna da kwalekwale.
- Manhaja. A cikin R, manhajar lissafin ƙididdiga, akwai mlogit, gmnl, logitr da Apollo, duk kyauta. A Stata akwai mixlogit da lclogit. Mai aiki da Python ya nemi Biogeme. Ga sabon shiga na fi son mlogit ko logitr. Apollo ya fi su sassauci, sai dai yana son wanda hannunsa ya faɗa.
- Littafin ajiye tarihin gwaje-gwaje. Kada ka raina wannan. Bayan gwaji na talatin ba za ka tuna abin da ka canza a na goma sha biyu ba.

1. Ka rubuta tambayar tukuna

Rufe wuri ake son a yi wa kuɗi, ko gyara ruwansa, ko sa kuɗin ƙofa? Ka rubuta a jimla guda. Ita ce za ta gaya maka sifar da dole ta shiga lissafi. Idan tambayar a kan tsabtar ruwa ce, kuma duk tafkunan da ke jerinka tsabtarsu kusan ɗaya ce, babu dabarar da za ta cece ka. Sai dai ka faɗaɗa yankin, ko ka ƙara da tambayoyin zaɓi na "da a ce", inda kake gabatar wa mutane wuraren da ka ƙaga da sifofi daban-daban su zaɓa.

2. Ka san daga inda bayananka suka fito

Hanya mafi tsabta ita ce a zaɓi gidaje ta ƙuri'a a tambaye su tafiye-tafiyensu. Tana da tsada, kuma da yawa za su ce ba su je ko'ina ba. Shi ya sa mutane ke komawa tsayawa a bakin ƙofar wurin suna tambayar masu shiga. Akwai tarko biyu a nan: ba za ka taɓa haɗuwa da wanda bai zo ba, kuma mai zuwa kullum ya fi mai zuwa sau ɗaya a shekara saurin faɗawa hannunka. Idan irin wannan bayanin kaɗai gare ka, ka nemi ƙidayar maziyarta ta gaskiya daga masu kula da wuraren, ka daidaita samfurinka da ita, wurin da ka yi wa tambayoyi fiye da rabonsa ka rage masa ƙarfi.

Ka ware tafiyar yini ɗaya daga ta kwana. Ka kuma fitar da wanda ya biya ta wurin ne a kan hanyarsa ta zuwa wani sha'ani, domin ba don tafkin ya ƙona man ba.

3. Ka tsara wuraren da mutum zai iya zaɓa

Galibi ana ɗaukar duk wurin da ke cikin tazarar da za a iya zuwa a dawo a yini. Ka duba tafiya mafi nisa da mutanenka suka yi da gaske, ka sa iyaka kusa da ita. Kuskuren da ya fi yawa shi ne barin wurin da ke iya maye gurbin wanda kake nazari. Idan ka bar shi a waje, lissafin zai ɗauka mutane ba su da mafita, sai darajar wurinka ta kumbura.

4. Kuɗin tafiya

Nan ne za ka fi daɗewa, kuma ya cancanta, domin duk wani adadi na kuɗi da za ka fitar a ƙarshe da nauyin kuɗin tafiya ake raba shi.

Ga yadda ake haɗa shi. Ka ninka nisan zuwa da dawowa da kuɗin da mota ke ci a kilomita guda, ka raba da yawan manyan da ke cikin motar. Ka ƙara kuɗin ƙofa in akwai. Sannan ka ƙara kuɗin lokaci: awannin hanya a ninka da wani kaso na ladan mutum na awa guda. Tun nazarin Frank Cesario na 1976 ake yawo tsakanin rubu'i da rabin lada, kuma mafi yawan masu aikin sun zauna a kan sulusi. Ladan awa kuwa ana samunsa ta raba samun shekara da kimanin awa 2,000. Al'ada ce, ba doka ba. Saboda haka ka gudanar da lissafin da rubu'i, da sulusi, da rabi, ka nuna yadda amsar ke motsi.

Kuɗin kilomita ya ƙunshi mai da abin da tafiyar ke cinyewa, kamar taya da baƙin mai. Inshora da rajista ba sa ciki, ko motar na ajiye sai an biya su.

Ka yi amfani da nisan hanyar mota, kada ka ja miƙaƙƙen layi a taswira. Na taɓa yin wannan gangancin don sauri. Wasu gidaje suna hayin wani dogon tafki ne, a taswira suna kallon wurin shaƙatawar, a zahiri sai sun zagaye ruwan kafin su isa. Lissafin ya ga mutane suna ƙin wurin da ke "kusa" da su, sai ya yanke cewa akwai wani rukuni da ba ya son gaɓar ruwa. Na yi kwanaki ina tsara bayani mai daɗin ji a kan wannan rukuni. Da na gyara nisan, rukunin ya ɓace ɓat. Tun daga ranar, idan na ga bambancin ra'ayi mai ban mamaki, gurbin kuɗin tafiya nake fara tuhuma. Idan ba ka da manhajar taswira mai tsada, bayanan taswirar OpenStreetMap tare da OSRM, manhajar lissafin hanya, za su fitar maka da nisa da lokaci kyauta.

Wanda ya ƙi faɗin samunsa fa? Kada ka jefar da shi, domin masu ƙin faɗa ba su yi kama da sauran ba. Ka cike masa da ƙiyasi daga iliminsa, shekarunsa da yankinsa, ka sa masa alama don ka gwada lissafin da shi da kuma ba shi.

5. Ka shimfiɗa teburin

Kowace tafiya tana samun layi ɗaya ga kowane wurin da ke cikin zaɓi. Mutum 300, kowa tafiya 4, wurare 40, layi 48,000 ke nan. Gurbi ɗaya na lambar mutum, ɗaya na lambar tafiya, ɗaya na lambar wuri, ɗaya mai 1 a wurin da aka je da 0 a sauran, sai kuɗin tafiya da sifofi. Ka tabbatar kowace tafiya tana da 1 guda tak. Ka kuma daidaita girman lambobin: idan wani gurbi yana cikin dubbai wani yana tsakanin 0 da 1, ka raba na farkon da dubu, in ba haka ba manhajar za ta yi ta tuntuɓe.

6. Ka fara da lojit na asali

Lojit tsarin lissafi ne da ke fitar da yiwuwar mutum ya zaɓi kowane wuri bisa gamsuwar da wurin ke ba shi. Na asalin shi ne tsarin da Daniel McFadden ya shimfiɗa a 1974, yana kuma cikin aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 2000. Yana ɗaukar cewa kowa nauyinsa ɗaya. Ka san ba haka ba ne, amma yana gamawa cikin daƙiƙoƙi kuma yana tona asirin gurɓataccen tebur. Nauyin kuɗin tafiya dole ya fito ƙasa da sifili kuma da ƙarfi. In bai fito haka ba, ka koma mataki na 4, kada ka wuce.

Ka ba kowane wuri nasa tsayayyen adadi, ban da guda da za ka bari a matsayin ma'auni. Wannan yana kwashe abubuwan da ba ka auna ba, irin su kyan gani ko sunan da wuri ya yi, don kada su gurɓata nauyin kuɗi. Jennifer Murdock ta bayyana amfanin hakan a 2006. Illarsa ita ce yana haɗiye matsakaicin nauyin duk sifar da ba ta canzawa daga mutum zuwa mutum, sai ka fito da shi a zagaye na biyu ta danganta tsayayyun adadin da sifofin wuraren. Wannan kuwa yana son wurare masu yawa.

Ka san kuma raunin tsarin. A ce wurare uku suna da rabon 50, 30 da 20 cikin ɗari. Idan aka rufe na farko, zai raba mutanensa ne daidai da rabon da, ya koma 60 da 40, ko da na biyun tsauni ne na ukun kuma tafki irin wanda aka rufe. Masu iyo ba sa komawa hawan dutse don an rufe musu ruwa.

7. Bambancin da ido ke gani

Kafin ka ɗauko manyan makamai, ka ninka sifar wuri da sifar mutum: wurin wasan yara da samun ƙananan yara, mashigar jirgi da mallakar kwalekwale. Ka zaɓi waɗanda hankali ya yarda da su, uku ko huɗu. Suna da sauƙin bayani ga masu yanke hukunci, amma ba za su ɗauke duka ba, don mutum biyu masu shekaru ɗaya da samu ɗaya suna iya bambanta kamar dare da rana.

8. Gaurayayyen lojit

A nan kowace sifa tana samun adadi biyu: matsakaicin nauyi, da faɗin yadda mutane suka watsu a kewayensa. McFadden da Train sun nuna a 2000 cewa wannan tsari yana iya kusantar kowane tsarin zaɓi da aka gina a kan gamsuwa, muddin an zaɓi siffar watsuwar da ta dace. Wannan "muddin" ita ce aikinka.

Sifar da wasu ke so wasu ke ƙi, kamar cunkoso ko filin tanti, ka ba ta rabo mai siffar ƙararrawa, wanda ke faɗawa ɓangarorin sifili biyu. Karanta shi ba wuya. A ce matsakaicin ya fito 0.2, faɗin 0.8. Ka raba, ka sami 0.25, ka sa shi a pnorm, umarnin R da ke mayar da irin wannan adadi zuwa kason mutane, zai ba ka kusan 0.60. Wato kashi 60 na so, kashi 40 na gudu.

Sifar da babu mai hankalin da zai ƙi, kamar ruwa mai tsabta, ka ba ta rabon da ba ya tsallaka sifili. Wanda aka fi amfani da shi yana da doguwar jela, kuma jelar tana iya jan matsakaici sama fiye da kima, don haka ka riƙa duba adadin tsakiya, wanda rabin mutane ke sama da shi rabi kuma ƙasa, tare da shi.

Kuɗin tafiya kuwa, kada ka kuskura ka ba shi siffar ƙararrawa. Za ta sa wasu mutane su zama masu son kashe kuɗi, wasu kuma nauyinsu ya zauna dab da sifili, kai kuma da shi za ka yi rabawa. Raba abu da kusan sifili yana haifar da adadin da ba shi da iyaka. Andrew Daly, Stephane Hess da Train sun nuna a 2012 cewa a irin wannan hali matsakaicin abin da mutane za su yarda su biya ma ba ya samuwa a lissafe, ko da manhajar ta buga maka wata lamba. Mafita uku ce. Ka bar nauyin kuɗi tsayayye ga kowa, wanda ya fi sauƙi amma yana nufin mai hali da marar hali suna jin zafin kuɗi daidai. Ko ka juya alamar gurbin ka ba shi rabon da ba ya tsallaka sifili. Ko ka rubuta tsarin tun farko cikin ma'aunin kuɗi, yadda nauyin kowace sifa zai fito kai tsaye a matsayin abin da za a biya. Train da Melvyn Weeks ne suka gabatar da wannan a 2005, Riccardo Scarpa da Mara Thiene da Train suka gwada shi a 2008 a kan masu zuwa tsaunukan Alps. Ni dai mafita ta ukun nan nake bi yanzu, kuma logitr na yin ta ba tare da wahala ba.

Abubuwa uku na aiki. Na ɗaya, ka gaya wa manhajar lambar mutum, don ta san tafiye-tafiye huɗun nan na mutum guda ne mai ra'ayi guda. In ka manta, ka zubar da mafi kyawun abin da bayananka ke ɗauke da shi. Na biyu, tsarin ba shi da amsa ta kai tsaye, kwamfuta tana jarraba ɗaruruwan nauyi ne ga kowane mutum ta ɗauki matsakaici. Ka fara da jarrabawa 100 ta jerin Halton ko Sobol, hanyoyin da kwamfuta ke bi ta zaɓo lambobin jarrabawa a baje daidai, don gwaji, sannan ka haura 500, 1,000, 2,000, har sai amsar ta daina motsi. Ƙarancin jarrabawa yana ɓoye tsarin da bayanai ba za su iya ɗauka ba, sai ya yi kamar ya zauna lafiya. Na uku, ka saki sifofin ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ƙyale nauyi shida su watsu kuma su yi alaƙa da juna, adadi 21 za ka nema ban da matsakaita. Mutum ɗari biyu masu tafiya ɗai-ɗai ba za su ciyar da wannan ba.

9. Ɓoyayyun rukunai

Wata hanyar ita ce a ɗauka mutane sun kasu gida-gida, kowane gida da nasa nauyin, lissafi ne zai gano gidajen. Peter Boxall da Wiktor Adamowicz sun yi haka a 2002 da masu shiga gandayen daji na tsakiyar Kanada, suka yi amfani da amsoshin mutane game da dalilin fitarsu wajen hasashen rukunin kowa. Idan bayananka kaɗan ne, ko kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ko masu karɓar rahoton suna son su ji "su wane ne", wannan ta fi dacewa.

Ka gwada rukuni 2, 3, 4, 5, ka kwatanta da ma'aunin BIC, wanda ke auna dacewar tsari da bayanai yana kuma cin tarar yawan adadin da aka nema, mafi ƙanƙanta ya fi. Amma kada ka bi shi ido rufe. Idan rukuni na biyar ya fito da mutane ƙalilan, ko nauyin kuɗinsa ya haura sifili, ko kurakuran ƙiyasinsa suka yi girma, ka koma huɗu.

Babban haɗarin shi ne lissafin ya hau ƙaramin tudu ya zaci ƙololuwar dutse ce. Ka tayar da shi daga mafari daban-daban, aƙalla ashirin, ka ga ko mafi kyawun sakamako yana maimaita kansa. Sannan ka yi hattara da laƙabi. Da ka kira wani rukuni "masu son kaɗaici", kowa zai manta cewa lissafin bai sa kowa a rukuni ba, yiwuwa kawai ya bayar, wane kashi 70 nan, kashi 30 can.

Wanne ya fi tsakanin wannan da na mataki na 8? Ka yi duka biyun in da hali. Idan suka ba da kuɗi kusan ɗaya, hankalinka ya kwanta. Idan suka yi hannun riga, siffar da ka ɗora wa watsuwar ce ke magana, kuma dole rahotonka ya faɗi haka.

10. Ka mayar da shi kuɗi

Darajar ƙarin sifa guda ita ce nauyinta a raba da nauyin kuɗi, a juya alama. Nauyin tsabta 0.40, na kuɗi −0.05, amsa 8 ke nan a kowace tafiya, cikin kuɗin da ka yi lissafi da shi.

Rufe wuri kuwa sai an bi ta wata hanya, domin mutane suna da inda za su koma. A ce wani mutum yana da wurare uku masu gamsuwa 1.0, 0.5 da 0.2. Ka sa kowace a umarnin exp na R: 2.718, 1.649, 1.221. Jimilla 5.588, logaridim ɗinta, wato abin da umarnin log na R ke bayarwa, 1.721. Ka cire wuri na farko, saura 2.870, logaridim 1.054. Bambancin, kimanin 0.666, a raba da 0.05, asararsa ta kama kusan 13.3 a kowace fita. A gaurayayyen lojit ka yi wannan a cikin kowace jarrabawa sannan ka ɗauki matsakaici. Wanda ya zuba matsakaicin nauyi kai tsaye ya rushe bambancin da ya sha wahalar ginawa. A ɓoyayyun rukunai ka yi wa kowane rukuni nasa, ka haɗa gwargwadon yiwuwar kowa.

Wannan lissafin yana ɗauka mutum zai fita ko ta halin ƙaƙa. Idan canjin babba ne har wasu za su fasa fita, ka raba kakar zuwa ranaku ko makonni, ka sa "zaman gida" a matsayin zaɓi a kowanne.

Iyakar kuskure kuma ka fitar da ita ta hanyar Krinsky da Robb ta 1986: ka jawo saitin nauyi 1,000 daga ƙiyasinka da rashin tabbas ɗinsa, ka sake lissafin kuɗin da kowanne, ka jera su daga ƙarami zuwa babba, ka yanke 25 na ƙasa da 25 na sama. Kada ka rikita wannan da faɗin bambancin mutane. Ɗaya yana cewa ba mu da tabbas, ɗayan yana cewa mutane ba ɗaya ba ne.

11. Gwaji na ƙarshe da rahoto

Tun farko ka ware kashi ɗaya cikin biyar na mutanen, ba na layuka ba, ka ajiye su gefe. Yanzu ka ga wane tsari ne ya fi hasashen inda suka je. Sau da yawa tsarin da ya fi ƙawa a kan bayanan da ya gani yakan sha kaye a nan.

A rahoton ka ba da matsakaici, da adadin tsakiya, da kason da za su amfana, da kason da za su cutu, ka kuma raba su bisa samu da nisa. Ka rubuta kason lada da ka ɗauka, iyakar tazarar da ka sa, yawan jarrabawa, da lambar da ka kafa ƙuri'ar kwamfuta a kanta, don wanda ya karɓi fayil ɗinka ya danna ya sami lambobin da ka samu.